Shafin intanet na wani laburare a ƙasar Gumel: yadda ya lalace da yadda aka gyara shi

Wurin da mutanensa

Laburaren yana wani gari ne a ƙasar Gumel, jihar Jigawa, sunan garin dai zan bar shi a cikina saboda mutanen da abin ya shafa suna nan da ransu kuma muna haɗuwa wajen ɗaurin aure. Ba na gwamnati ba ne, ƙungiyar ci gaban gari ce ta gina shi. Ɗaki ɗaya ne babba da ɗan sito, benci shida, kantocin katako da gara ta fara taɓawa, sai 'yar sola a kan rufi da take ɗaukar fanka biyu da cajin waya. Littattafan sun ɗan haura dubu biyu, yawanci na sakandare da na addini da na Hausa, sai tarin tambayoyin jarrabawar baya na WAEC da NECO da JAMB, su ne ma aka fi rububi a kai.

Mai kula da wurin malamin firamare ne da ya yi difloma a fannin laburare, mutum ne mai tsari, ya jera littattafansa bisa lambobin Dewey, tsarin da laburare ke bi wajen jera littattafai fanni-fanni, kuma rajistar aro ba ya wasa da ita. Malam kawai zan riƙa ce masa. Masu zuwa wurinsa akwai 'yan sakandare, 'yan NCE masu rubuta furojet, malamai daga ƙauyukan kewaye, sai matan aure da ba sa zuwa da kansu, yaro suke aikowa da sunan littafi a 'yar takarda. Duk wanda zai nemi wurin a intanet da waya zai nema, ƙaramar Android irin su itel da Tecno, wata ma fuskarta ta tsage, sabis kuma wani lokacin sai ka fito bakin titi kake samu. Ni tare muka yi karatu da Malam, ina aiki a Dutse, kuma daga baya na shigo maganar.

Nuwamba 2023: an buɗe shafi

Wani ɗan bautar ƙasa, wato kofa, aka turo sakandaren garin, yaro mai ƙoƙari wallahi, ya ce zai yi wa laburaren shafi a matsayin aikinsa na taimakon al'umma. Ciyaman ɗin ƙungiya ya yi murna don yana son abin da zai nuna wa 'yan garin da ke Kano da Abuja in an zo neman gudummawa. Kofa ya yi aikin da WordPress, manhajar haɗa shafin intanet, a laftof ɗinsa, ya sayi adireshin shafin na shekara ɗaya da imel ɗinsa da katin bankinsa, ƙungiya ta mayar masa da kuɗinsa.

Ga abin da mutum zai gani in ya shiga. A sama hotuna takwas ne suke wucewa ɗaya bayan ɗaya, ciyaman da babbar riga, sakatare, ma'aji, ranar yanka kintinkiri, dukkansu yadda kyamarar waya ta ɗauke su ba a rage nauyinsu ba. Ƙasan hotunan jawabin maraba ne na ciyaman da Turanci mai tsawon gaske. Bango kore ne rubutu ruwan ɗorawa, wai kalar tambarin ƙungiya. Jerin zaɓin da ke sama kalmomin ma'aikatan laburare ne zalla, su OPAC da Circulation da E-Resources, kuma ƙananan zaɓin da ke ƙarƙashinsu sai ka ɗora kibiyar kwamfuta a kai suke saukowa. Lokutan buɗewa kuwa hoton takardar da ke liƙe a ƙofa aka ɗauka aka mayar PDF aka ajiye can a shafi na uku. Akwai kuma fom ɗin rajista mai gurabe goma sha huɗu, har da lambar NIN da ranar haihuwa da hoton fasfo.

Ranar ƙaddamarwa an haska shi a bango da majigi, aka yi tafi, aka sha lemo.

Fabrairu zuwa Afrilu 2024: alamun farko

Wata uku da buɗewa, duk wanda ya shiga sai wayarsa ta nuna masa jan gargaɗi cewa shafin ba shi da tsaro. Dalili kuwa, takardar tsaron da ke sa kwaɗo ya fito a gefen adireshi irin ta kyauta ce ta Let's Encrypt, kwana 90 take yi, ana saita ta ta riƙa sabunta kanta amma ba a saita ba. Mutumin da kullum ake ja masa kunne a kan 'yan damfara in ya ga wannan gargaɗin baya yake yi. Sai da aka yi sati biyu kafin kofa ya lura ya gyara.

Sai azumi ya kama a watan Maris, Malam ya sauya lokaci, ya koma buɗewa da safe ya rufe da azahar, ya cire tsohuwar takardar ƙofa ya liƙa sabuwa, amma ta shafi tana nan yadda take don shi bai san ta inda ake shiga a canza ba. Wata Talata wani malamin lissafi daga wani ƙauye mai nisan kilomita goma sha biyar ya hau babur ɗinsa da la'asar, da azumi a bakinsa, ga fetur yadda ya koma tun da aka cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023, ya zo ya tarar da kwaɗo. Har gida ya bi Malam. Ya ciro waya ya nuna masa PDF ɗin, wanda ya ce sai da ya sauke shi sau biyu kafin ya buɗu, ya ce "Malam, ba ku ne kuka rubuta har ƙarfe biyar ba?" Malam ya ba shi haƙuri, ya sa takalmi suka koma ya buɗe masa, suka sha ruwa tare a bakin laburaren. A wannan daren ya kira ni yana cewa shi fa abin nan ya fara jawo masa jin kunya.

Ya kuma lura da wani abu: tambayoyin da ake yi masa a waya da a hanya ba su ragu ba ko kaɗan. Yau kun buɗe? Akwai littafi kaza? Nawa ne rajista? Kwana nawa ake ba da aro? Fom ɗin nan mai gurabe goma sha huɗu kuma mutum uku ne kacal suka taɓa cikewa, biyu daga ciki 'yan kwamiti ne.

Mayu zuwa Nuwamba 2024: abubuwan da aka gwada

Kwamiti ya zauna ya yanke cewa rashin talla ne. Aka buga fasta mai ɗauke da lambar QR aka liƙa a makarantu da bakin kasuwa da tasha. Mutane sun gwada kam, amma da yawa ba su jira shafin ya gama buɗewa ba, wanda ya jira kuma hoton ciyaman ya gani.

Sai aka ce ai Turancin ne matsala, kofa ya saka maɓallin fassarar inji. Jawabin maraba ya ɗan fassaru, amma jerin zaɓin ya fito wani iri, Circulation ya koma wani abu mai kama da zagayawa, babu wanda zai gani ya gane cewa nan ne maganar aron littafi. Maɓallin kansa kuma ya ƙara wa shafin nauyi.

Na uku, aka biya kuɗi aka koma wani ma'ajin shafi mai tsada, wato kamfanin da ke ajiye shafin a kwamfutocinsa, wai zai fi sauri. A laftof ɗin kofa ya ɗan yi sauri, a wayoyin mutane babu abin da ya canza, tunda hotunan nan takwas dole su bi ta sabis ɗin garin ko daga ina suka taso.

An yi maganar saka Koha, manhajar laburare ta kyauta da aka fara a New Zealand a wajen 1999 zuwa 2000, wadda manyan laburare da dama suke amfani da ita. Aka tarar tana son saba, wato kwamfutar da za a ɗora ta a kai, mai zaman kanta da wanda zai riƙa kula da ita, aka ajiye maganar. A maimakonta kofa ya ɗora jerin littattafan da Malam ya sa aka buga masa a kafe, wato shagon kwamfuta, ya saka akwatin nema a sama.

A tsakiyar shekara kofa ya gama bautar ƙasarsa ya koma garinsu, da kalmar sirri da imel da komai. Bai ɓoye ba, babu dai wanda ya tuna ya tambaye shi. Malam ya buɗe shafin Facebook ya koma sanarwa a can, wannan ya ɗan taimaka, sai dai sanarwar lokutan buɗewa bayan sati biyu ta nutse a ƙarƙashin hotunan walima da ta'aziyya. A Nuwamba kuɗin adireshin ya ƙare, saƙon tunatarwa yana ta zuwa imel ɗin kofa, shafi ya ɗauke ɗif.

Janairu 2025: gwaji da mutum biyar

Da ƙyar aka samo lambar kofa, ya turo komai a WhatsApp har da ba da haƙuri, aka biya aka dawo da adireshin tun kafin wani ya saye shi. A wannan watan ne ma hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, wato kowane megabait zai ƙara ciwo.

Kafin mu taɓa komai na ce wa Malam mu zauna mu kalli mutane suna amfani da shafin. Wannan dabara ce sananniya, Jakob Nielsen, masani kan sauƙin amfani da shafukan intanet, ya yi rubutu a kai a shekarar 2000 cewa mutum biyar sun isa su tono maka yawancin matsalolin shafi. Muka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar ƙofar laburaren muka gayyato ɗan SS3, da wata ɗalibar NCE, da malamin lissafin nan, da mai shagon caji, da wani tsohon hedimasta da ya yi ritaya. Kowa da wayarsa, mu muka saka musu data. Aiki uku muka ba kowa: ka gano ko yau a buɗe ake, ka duba ko akwai littafi kan tarihin ƙasar Hausa, ka gano yadda ake rajista. Sharaɗin da na kafa wa Malam shi ne ya yi shiru, kar ya nuna wa kowa inda zai danna, kuma na ga yadda yake ta matse yatsunsa.

Shafin farko nauyinsa megabait 11. Wanda ya sayi megabait 100, buɗewa ɗaya ta cinye masa sama da kashi ɗaya cikin goma. A wayar ɗan SS3 mun ƙirga daƙiƙa 40 kafin hoton farko ya fito, alhali ma'aunin da Google ya sa na shafi mai kyau shi ne babban abin da ke fuskar shafi ya bayyana cikin daƙiƙa biyu da rabi. Mai shagon caji da Opera Mini yake shiga kuma ya kashe hotuna don tattalin data, shi fili kawai ya gani da akwatuna marasa komai, tunda ba a rubuta wa ko hoto ɗaya bayanin da ke fitowa a madadinsa ba. Ƙananan zaɓin nan masu saukowa babu wanda ya gansu cikin su biyar, waya ai ba ta da kibiya.

Hedimasta ya miƙa wayar nesa, ya dawo da ita kusa, ya kāre ta da hularsa saboda hasken rana, can ya ce "Yaro, wannan rubutu ne ko zanen tabarma?" Na ce Baba rubutu ne. Ya miƙo min wayar ya ce to karanta min.

Ɗalibar NCE ita kaɗai ta kai ga akwatin nema. Ta rubuta "tarihin kasar Hausa" da k ɗin da ke kan wayarta, ya ce babu. Littafin kuma yana kan kanta bayan Malam, muna hango shi ta taga. A jerin an rubuta shi ne da ƙ mai ƙugiya, ita kuwa kwamfuta a wurinta k daban ƙ daban, haka d da ɗ, haka b da ɓ, kowanne da lambarsa a tsarin Unicode kuma akwatin nema ba ya haɗa su da kansa. Da muka bi jerin sai muka ga wata ɓarnar, wasu layukan alamar tambaya ce ta maye gurbin ƙugiyoyin, domin lokacin da aka kwaso jerin daga kafe ba a ajiye fayil ɗin a tsarin UTF-8 mai riƙe irin waɗannan haruffa ba. Da ta kai ga fom ta ga ana neman hoton fasfo da lambar waya da NIN, sai ta ajiye wayar ta ce ita gaskiya sai ta tambayi gida.

Cikin su biyar mutum ɗaya ne ya gano lokacin buɗewa, malamin lissafi, shi ma don ya taɓa shan wahalar wurin. Lokacin da ya gano ɗin kuma na bara ne.

Fabrairu zuwa Maris 2025: gyara

Mun fara ne da rajistar ƙwaƙwalwar Malam. Na ce ya rubuto tambayoyin da aka fi yi masa, ya rubuto huɗun nan, su muka mayar shafin farko. Layin farko yanzu rubutu ne tsagwaro: ranakun buɗewa da lokaci, da ranar da aka sabunta sanarwar. Ƙarƙashinsa akwatin nema, sai manyan maɓallai uku da babban yatsa zai iya dannawa ba tare da ya taɓa na kusa ba: Yadda ake aro, Tambayoyin jarrabawa, Yi wa Malam magana. Na ƙarshen kai tsaye yake buɗe WhatsApp, don mun san matan aure da waɗanda rubutu ke ba wa wahala saƙon murya za su turo. Hausa ce a gaba, Turanci yana nan ga mai so, kuma mutum ne ya rubuta kowanne.

Hotuna takwas suka koma ɗaya, hoton ƙofar laburaren don baƙo ya gane wurin, an rage shi ya dawo ƙasa da kilobait 100, an rubuta masa bayani. Muka ɗauki samfurin shafi mara nauyi wanda yake daidaita kansa da faɗin fuskar waya, muka cire maɓallin fassara da wasu tarkacen. Bango ya koma fari rubutu baƙi. Akwai ƙa'idar duniya a kan wannan, WCAG ta ƙungiyar W3C, wadda ta ce bambancin hasken rubutu da bangonsa kar ya gaza 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, ruwan ɗorawa a kan koren nan bai kai ba. Girman rubutu muka sa fiksel 16. Koren ƙungiya muka bar shi a layin sama kawai. Shafin farko ya dawo ƙasa da kilobait 300.

Maganar ƙugiya ita ta fi cin lokaci. Sati uku Malam da 'yan SS3 biyu suna bin jerin layi-layi suna gyara alamomin tambaya, sannan kowane littafi muka ƙara masa gurbi na ɓoye mai sunansa babu ƙugiya, yadda ko ka rubuta kasa ko ƙasa zai fito, amma a fuska daidaitaccen rubutu ne yake bayyana. Haruffa muka zaɓi Noto Sans saboda yana da ƙ da ɗ da ɓ, ba sa fitowa kamar an aro su daga wani gida. Kowane littafi an sa lambarsa ta Dewey da kantar da yake.

Fom ɗin rajista muka cire shi ɗungurungum. Dama dole mutum ya zo da kansa ko ya aiko a karɓi kati, to mene ne na tara NIN ɗin mutane a shafin da babu mai gadinsa, ga dokar kare bayanan jama'a ta 2023 da ta ɗora nauyi a kan duk mai tara irin wannan. Layi huɗu ne suka maye gurbinsa: abin da za ka zo da shi, kuɗin rajista, kwanakin aro, da yadda ake aiko yaro.

Adireshi da ma'aji aka mayar su kan imel ɗin ƙungiya, kalmar sirri tana hannun mutum uku kuma an rubuta ta a takarda an sa a ambulan wajen ma'aji. Na zaunar da Malam ya canza layin lokacin buɗewa daga wayarsa sau biyar a gabana har hannunsa ya faɗa.

Inda aka sha daga shi ne wajen ciyaman. Malam ya ce masa "Ranka ya daɗe, hoton yana nan, mun dai mayar da shi shafin tarihin ƙungiya ne." Ya yi shiru ya ce to su masu gudummawa me za su gani. Aka daidaita a kan maɓalli na huɗu a can ƙasa mai suna Waɗanda suka gina wurin, da hotuna uku marasa nauyi.

Afrilu 2025: sake gwaji

Bayan ƙaramar salla muka sake shimfiɗa tabarma da wasu mutum biyar daban, aiki ukun dai. Dukkansu sun faɗi lokacin buɗewa kafin mu gama ƙirga goma. Huɗu sun samo littafin, ta biyar ta rubuta sunan marubuci ne da wani rubutun daban da na jerin, wannan har yanzu ba mu magance shi ba. A azumin 2025 Malam ya canza lokaci tun daren da aka ga wata, daga kan tabarmarsa. Kiran "yau kun buɗe?" ya ragu sosai, saƙon murya a WhatsApp kuma ya ƙaru har ya fara ƙorafin ana turo masa da sha ɗayan dare, dole muka rubuta lokacin da yake amsawa a ƙarƙashin maɓallin.

Abin da na gani a ciki

A ganina kofa bai yi ha'inci ba, ya yi shafin ne don idon wanda ya sa shi aiki, a kan na'urar da masu karatu ba su da ita. Talla da fassarar inji da ma'aji mai tsada duk sun faɗi ne saboda an yanke su a ɗakin taro babu wanda ya kalli waya a hannun mai karatu ko sau ɗaya. Abin da ya yi aiki kuwa rabinsa cirewa ne, ɗaya rabin kuma ilimin da Malam yake da shi tun asali: ya san me ake tambaya, ya san yadda ake jera abu a same shi, a difloma ma an karantar da mu dokokin Ranganathan, masanin laburare ɗan Indiya, guda biyar na 1931 waɗanda ta huɗunsu take cewa a tattala lokacin mai karatu. Shi dai bai ɗauka cewa shafin intanet ma aikinsa ba ne, ya bar wa mai laftof. Laifina ni kuma, tun daren da ya kira ni a azumin 2024 ya kamata in zo, na tsaya ba shi shawara ta waya har wata tara.

Akwai abin da bai warwaru ba. Shafin ba ya nuna ko littafi yana hannun wani, sai an tambayi Malam ya duba rajista, kuma sabbin littattafai sukan yi wata ba su shiga jerin ba in aikin makaranta ya sha masa kai. Ranar sabunta kuɗin adireshi an rubuta ta da alli a jikin bangon sito, ma'aji kuma ya ce sai an tuna masa tun watan Oktoba don kuɗin ƙungiya ba ya shigowa sai an fara sayar da amfanin gona.